Yadda ake naɗa koyil ɗin sigarin lantarki da hannu

Koyil ɗin sigarin lantarki 'yar waya ce da aka nannaɗe, aka zura mata auduga ta tsakiya. Wutar batir ta bi wayar, wayar ta ɗauki zafi, ruwan sigarin da audugar ta sha ya zama tururi. Naɗin kansa, wanda shi ne yake ba sabon shiga tsoro, ba ya cin minti biyu in hannu ya saba. Inda aikin yake shi ne awo kafin a saki wuta, da saitin auduga daga baya.

Wannan bayani na baligi ne wanda ya riga yana amfani da na'urar. Nikotin yana kama jiki, tururin kuma ba iskar Allah ba ce tsantsa, don haka wanda ba ya shan taba babu abin da zai ƙaru da shi in ya fara wannan. Sannan ba kowace na'ura ake yi wa naɗi ba. Irin waɗanda ake sha a yar, da masu koyil ɗin kamfani da ake cirewa a sa sabo, ba a buɗe su. Sai kan da aka ƙera don naɗin hannu, wato sashen saman na'urar da koyil yake zama a ciki: ko dai RDA, wanda ba shi da tanki, ana ɗiga masa ruwa ne kai tsaye a kan auduga, ko RTA mai tanki. In kana da zaɓi, fara koyo da RDA mai ɗaukar koyil ɗaya. Filinsa a buɗe yake, kana ganin komai, kuma kuskuren auduga ba ya jawo maka yoyo a aljihu.

Kayan aiki

Rabin kayan nan akwai su a wurin masu sayar da kayan gyaran waya. Kana buƙatar ƙaramar filaya mai yankan waya, wadda bakinta yake a shafe ta gefe ɗaya domin ta yanke dab da sukuru. Sai filaya mai tsinin baki, da almakashi mai kaifi wanda ba a yankan komai da shi sai auduga, da sukundireba ko alanki daidai da sukurorin kan naka. Abin da za a naɗa wayar a jikinsa sanda ce ta ƙarfe mai santsi. Akwai wadda ake sayarwa musamman, mai hawa-hawa daga milimita 2 zuwa 4, amma gindin bakin injin huji mai milimita 2.5 ko 3 yana yin aikin tsaf, kuma ya fi sukundireba domin an rubuta kaurinsa a jiki, ba sai ka yi kirdado ba.

Abu biyu ne ban yarda a yi musu dabara ba. Na farko hantsaki mai bakin tangaran. Shi kaɗai ake iya matse koyil da shi alhali wuta tana bi, domin tangaran ba ya ɗaukar lantarki. Na ƙarfe, in ya taɓa koyil ana danne da maɓalli, ya haɗa wuta ke nan. Na biyu mitar auna turjiya (wato yadda waya take turje wa wucewar lantarki, ana auna ta da om), wadda ake ɗaura kan a kanta kamar yadda ake ɗaura shi a kan na'ura. Mitar masu gyaran rediyo mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ba ta dace da wannan ba: wayoyin nata kaɗai suna iya ƙara om 0.2 zuwa 0.5 a kan awo, alhali wani koyil ɗin gaba ɗayansa bai kai haka ba. In babu mitar musamman, na'ura mai allo da ake saita wat a jikinta tana nuna turjiya, kuma tana ƙin tashi in wuta ta haɗu. Ita ce madadin da za a iya lamunta.

Wace waya

Kanthal A1 ita ce ta mai koyo. Gamin ƙarfe ne da kuromiyam da alminiyam, wanda wani kamfani na garin Hallstahammar a Suwidin ya fara fitarwa, tun 1931 yake. Tana da tauri, tana riƙe siffar da aka ba ta, tana jure zafi har digiri 1,400. Ni80, wadda kashi 80 cikin ɗari nata nikel ne, sauran kuromiyam, ta fi saurin ɗaukar zafi, turjiyarta kuma ta fi ƙasa. SS316L ƙarfe ne marar tsatsa, ta fi su duka ƙarancin turjiya, kuma tana aiki a tsarin wat, inda kai kake saita ƙarfin wuta, da tsarin kayyade zafi, inda na'ura take hana koyil wuce zafin da ka saita. Wanda nikel ke sa wa ƙaiƙayi ko ƙuraje ya tsaya a Kanthal, domin sauran biyun duk akwai shi a ciki.

Ni200, wato wayar nikel zalla, da titaniyam na tsarin kayyade zafi ne kawai. Ba a ƙona su su yi ja, ba a sa su a tsarin wat. Mai koyo ya bar su tukuna. Wayar da ba ka san asalinta ba kuwa, ta cikin risho mai lantarki ce, ko tagullar kebul, ko wayar ɗaurin rodi, kada ta kusanci abin da za ka zuƙa. Tagulla kusan ba ta da turjiya, batir za ta kashe nan take. Wayar da aka shafe da tutiya kuma hayaƙin guba take fitarwa in ta yi zafi.

Kaurin waya da lamba ake faɗinsa, kuma lambar a juye take: in ta yi sama, wayar ta sirance. Lamba 24 kaurinta milimita 0.51, lamba 26 milimita 0.40, lamba 28 milimita 0.32. Siririya ta fi turjiya kuma ta fi saurin zafi. Mai kauri tana son wuta da yawa kafin ta motsa.

Lissafi kafin a yanki waya

A nan ne mutane suke gajiya su tsallake, kuma a nan ne haɗarin yake. Tsawon mita ɗaya na Kanthal lamba 26 yana da turjiya kusan om 11. Lamba 28 kusan om 18, lamba 24 kusan om 7. In ka naɗa lamba 26 zagaye 7 a kan sanda mai milimita 3, kowane zagaye zai ci waya kusan milimita 10.7. Haɗa da ƙafafu biyu, ka tashi da wajen santimita 8 da rabi, wato koyil mai om 1 ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan shi ne naɗin da zan ba kowane mai koyo. Yana sha lafiya a wat 15 zuwa 20, ba ya wahalar da batir, ba ya shan ruwa kamar rariya. Mai son zuƙa matsattsiya irin ta taba sai ya ɗauki lamba 28, zagaye 7 a kan milimita 2.5, ya sami wajen om 1.3. Shafin Steam Engine a intanet yana yin wannan lissafin kyauta, ka sa irin waya da kauri da faɗin sanda, ya ba ka adadin zagaye.

Ƙarin zagaye yana ƙara turjiya, haka ma faɗin sanda. Koyil biyu iri ɗaya a kai guda kuwa raba turjiyar suke yi biyu. Lamba 24 zagaye 6 a kan milimita 3 tana ba da wajen om 0.52, in ka jera biyu sun koma 0.26.

Me ya sa wannan ya dame mu? Domin a na'urar da ba ta da allo ko wata kariya, wadda bututu ce kawai da batir da maɓalli, turjiyar koyil ita ce take yanke yawan wutar da za a ja. Cikakken batir yana da bolt 4.2. Raba wannan da turjiya, ka sami amfiya, wato yawan wutar da ake ja daga batir. A om 1, amfiya 4.2 ne, abin wasa. A om 0.26, amfiya 16. A om 0.15, amfiya 28. Yanzu dubi batiran: Samsung 30Q amfiya 15 aka yi shi ya jure a jere, Samsung 25R amfiya 20, VTC5A na Sony, wanda Murata ke yi tun da ta sayi sashen a 2017, amfiya 25. Ka ga naɗin 0.26 ya riga ya wuce ƙarfin 30Q, na 0.15 kuwa ya wuce su duka. Batir ɗin da aka ja fiye da ƙarfinsa yana zafi, ya fesar da iska, a cikin rufaffen bututun ƙarfe kuma yana iya tarwatsewa. A watan Mayun 2018 irin wannan na'ura marar kariya ta fashe ta kashe wani mutum a garin St. Petersburg na jihar Fulorida a Amurka. Ra'ayina, wanda bai ƙware ba ba shi da abin yi da ita.

A na'ura mai allo lissafin daban ne, wat ɗin da ka saita shi ne ma'auni. Raba wat da 3.2, wato ƙarfin batir lokacin da ya kusa ƙarewa, sannan ka ƙara kashi goma cikin ɗari saboda asarar da ake yi a cikin na'ura. Wat 60 a batir ɗaya ya tashi wajen amfiya 21. In batir biyu ne, su raba nauyin.

Wata magana a gefe: kasuwanninmu cike suke da batir 18650, wato girman batiran nan da aka ambata a sama, da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci aka sake musu riga. Sun isa tocila, ba su isa wannan ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9,900mAh a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, ƙarya ce tsagwaronta, domin na gaske masu jure wuta mai yawa tsakanin 2,500 da 3,000 suke.

Naɗi da ɗaurawa

Wanke hannu. Yanki waya kamar santimita 15, ka goge ta da ƙyalle mai tsabta domin akwai maiƙon inji a jikinta. Ɗora ta a kan sandar, ka danne wutsiya ɗaya da babban yatsa, ka bar kamar santimita 3 a waje. Da ɗaya hannun ja wayar da ƙarfi ka zagaya sandar, kowane zagaye ya kwanta a jikin na baya, kada ya hau shi. Jan da ƙarfi shi ne sirrin. Sakakkiyar waya tana buɗewa da zarar ka sake ta, ramin ya fi yadda ka lissafa. Idan ka cika 7, ka tabbata ƙafafun biyu suna kallon gefe guda. Zagayen farko yawanci yakan fito a karkace, sai ka kama ƙafar da filaya ka ja shi ya miƙe, ko tun farko ka yi zagaye 8 ka warware na farkon.

Akwai masu barin 'yar tazara tsakanin zagaye. Wannan naɗin ba ya cika samun tabon zafi, wato wurin da yake riga sauran wayar yin zafi, kuma shi ake yi wa SS316L in za a yi tsarin kayyade zafi. Yadda ake yi, a naɗa a buɗe sosai, sannan a tura duka zuwa gindin sandar a matse a saki, tazarar ta daidaita da kanta.

Ɗaura kan a kan mita, kada a kan na'ura mai batir a ciki. Sassauta sukurorin, za ka ga turakun ƙarfe masu rami a cikin kan, ka zura ƙafa ɗaya a ramin turke mai kawo wuta, ɗaya a mai mayarwa. Sandar tana cikin koyil ɗin har yanzu, kada ka zare ta, ita ce take hana shi lanƙwashewa. Ɗaure sukurorin su kama, amma kada ka murɗa da ƙarfin tsiya, domin bakin sukuru yana datse siririyar waya. Da sandar za ka ja koyil ɗin ya zauna a tsakiya, daidai saitin ramin iska, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa turke ba. Sai ka datse rarar ƙafafun dab da turke. Ka lura da inda guntayen suka faɗa. Guntun waya ɗaya da ya maƙale a ƙasan kai ya isa ya haɗa wuta.

Yanzu kunna mita. Ka lissafa om 1, ta nuna 0.95 ko 1.05, babu laifi. Ta nuna 0.3, wani wuri yana taɓa ƙarfe. Lamba tana tsalle sama da ƙasa, sukuru bai ɗauru ba. Rufa murfin kan ka sake aunawa, domin sau da yawa koyil yana lafiya a buɗe, murfi ya sauko ya taɓa shi.

Gasa koyil

Mayar da kan bisa na'ura mai allo, ka sauke wuta zuwa wat 12 ko 15. Danna maɓalli na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka saki, ka sake. A ɗaki mai ɗan duhu aka fi ganin abin da ake nema: ja ya fara daga zagayen tsakiya, ya bazu zuwa gefe biyu a tare. Sabon koyil da wuya ya yi haka a karon farko. Za ka ga wani ɗigo ɗaya ya yi fari-fari kafin sauran, ko ƙafa ɗaya ta riga jiki yin ja. Wannan tabon zafi ne, wuta tana tsallakawa tsakanin zagaye biyu maimakon ta bi wayar. In aka bar shi, a nan auduga za ta ƙone.

Saki maɓalli, ka goga bakin hantsaki a bayan koyil ɗin daga gefe zuwa gefe sau biyu ko uku, za ka ji 'yar ƙara kar-kar. Sake ɗumama shi, ka matse gefe da gefe a hankali. Maimaita har jan ya daidaita. Kanthal tana yin wata fata ta toka-toka a jiki bayan gashi, wannan fatar ce take raba zagaye da zagaye, shi ya sa tabon yake ɓacewa. SS316L ba ta son gashi mai yawa, ja mai duhu ya ishe ta. In koyil biyu ne, dole su yi ja lokaci guda, in ɗaya ya riga, ƙafafunsu ba tsawo ɗaya ba ne. Bar shi ya huce, ka ƙara ɗaure sukurori domin zafi yana sassauta su, ka sake duba mita.

Auduga

Koyil mai kyau da mugun lagwani ba ya shayuwa, amma koyil karkatacce da lagwani mai kyau sai a sha shi mako guda ba a sani ba. Audugar da aka fi amfani da ita ita ce ta Jafan wadda ba a sa mata sinadarin fari ba, irin fallayen Muji ko Koh Gen Do, sai kuma Cotton Bacon da aka yi don wannan aikin. Ta kemis ba ta da tabbas, wata an wanke ta da sinadari, wata an gauraya ta da zaren roba.

Fallen audugar Jafan yana da bi. Ja shi ta gefe ɗaya za ka ji ya yi tauri, ta ɗaya gefen ya yage da sauƙi. Yanka tare da bin zaren, domin ta nan ruwa yake tafiya. Faɗin tsirin ya kai ninki biyu na ramin koyil ko fiye kaɗan. Ɓare siririyar fatar sama da ta ƙasa, ka mulmula tsirin a hankali tsakanin tafuka ba tare da ka danne shi ba, ka murza baki ɗaya ya yi tsini, ka zura, ka jawo ta ɗaya gefen.

Hannu ne yake gane daidai. Ka ja audugar gaba da baya: ya kamata ka ji tana ɗan turjewa, amma koyil ɗin bai motsa ba. In ta wuce sulluɓ, ta yi kaɗan, ruwa zai taru ya riƙa tartsatsi yana fallatso maka a harshe. In koyil yana lanƙwasa ko tana neman ɗaga na'urar daga tebur, ta yi yawa, ruwa ba zai ratsa ba, ka zuƙi ƙauri. Duk wanda ya taɓa gyara lagwanin fitilar ƙwai ya san wannan: in ya matse, kananzir ba ya hawa, lagwanin ne yake ci.

Datse wutsiyoyin daidai yadda za su sauka su taɓa ƙasan kai, ba su naɗe a can ba. Tsefe bakinsu da tsinin hantsaki su yi laushi, ka cire ɗan abin da ya fita. Sannan ka lanƙwasa su ƙasa, ka tura a hankali, ba cusawa ba. A bar ƙarƙashin koyil a buɗe domin iska. A RTA wurin nan ne ake faɗuwa: audugar ta rufe ramin da ruwa yake shigowa, amma a sake. Ta yi kaɗan, tanki ya tsiyaye ta ramin iska. Ta yi yawa, ƙauri bayan zuƙa uku. Kaurin ruwan ma yana da hannu. Mai VG kashi 70, wato gilisirin mai sa ruwan kauri, yana da danƙo, yana son wutsiya tsefaffiya. Wanda VG ɗinsa rabi ne kawai tsinkakke ne, yana son ta ɗan cika. A watannin zafi ruwan yana ƙara tsinkewa, tankin da bai taɓa yoyo da sanyin hunturu ba sai ya fara a watan Afrilu.

Jiƙa audugar sharkaf, har kan koyil ɗin, ka danna maɓalli kaɗan ka ga tururi ya tashi, ka ƙara ruwa, ka rufe. Fara sha daga wat ƙasa, kana hawa da ɗaya-ɗaya. Zuƙar farko takan zo da ɗanɗanon auduga, yana wucewa.

Ƙarfin nikotin ya bi irin naɗin. Koyil mai ƙasa da om 1 da ake sha a wat 50 ko fiye yana ƙona ruwa da yawa a zuƙa ɗaya, don haka ruwa mai miligiram 3 zuwa 6 a kowace mililita ake sa masa. Ruwa mai miligiram 20 zuwa 50 na ƙananan na'urori ne, in ka sa shi a nan za ka ji jiri da tashin zuciya. Kada kuma a zuba wani mai ko turare ko zuma a ciki. Ciwon huhun da ya kwantar da mutane fiye da 2,800 a Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020, an danganta shi ne da wani sinadarin bitamin E mai maiƙo da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage.

Naɗe-naɗen ado da gyara

Za ka ga hotunan koyil masu kama da tsirkiyar jita, waɗanda ake kira Clapton. Waya ce mai kauri, kamar lamba 26, a tsakiya, aka nannaɗe ta da siririya lamba 32 zuwa 36. Ana ɗaure ta tsakiyar a bakin injin huji, ɗaya bakin a jikin ƙugiya mai juyawa irin ta masunta, injin yana juyi a hankali, hannu yana riƙe da siririyar tana hawa da kanta. Tsagogin suna riƙe ruwa, ɗanɗano ya ƙaru, amma ƙarfen ya yi yawa, yana jinkirin zafi, yana cin batir. Turjiyarsa kusan ta wayar tsakiya ce. Ana sayar da irinta a naɗe a kan kwarkwaro, kuma ban ga dalilin wahalar da kai ba sai don sha'awa.

Auduga takan yi kwana biyu zuwa mako, gwargwadon zaƙin ruwan, domin mai zaƙi da mai duhu su suka fi barin baƙin dasƙi a kan waya. Idan ɗanɗano ya dushe, zare audugar, ka gasa koyil ɗin kaɗan-kaɗan har dasƙin ya zama toka, ka saki maɓalli, ka cire kan daga na'ura, ka ɗauraye da ruwa kana gogawa da tsohon buroshi. Ya bushe, ka auna, ka sa sabuwar auduga. Koyil ɗin Kanthal yana yin wata ɗaya zuwa uku a haka. In ka ga wayar ta yi ƙuraje, ko turjiya ta canja da kanta, ko ɗanɗanon ƙarfe ya ƙi fita, yanke shi ka naɗa sabo.

Duk lokacin da ka buɗe na'ura, ka juya batir a hannu ka duba rigarsa. Jikin batir gaba ɗaya ɓangaren mayar da wuta ne, siririyar ledar nan da zoben takardar da ke samansa su kaɗai suka raba shi da ƙarfen na'ura. In ta yage ko da kaɗan, a ajiye shi sai an sake masa riga. Ba a sa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, akwai 'yar robar da ake ajiye shi a ciki, kuma ba a barinsa cikin motar da aka rufe a rana.